Darasi: Galaksi Mai Zobe da Yadda Aka Ɗauki Hotonsa

Wannan darasi ya ginu ne a kan hoto guda ɗaya. Mai waya ko kwamfuta a cikinku ya nemo shi a intanet da sunan Hoag's Object, ya nuna wa na kusa da shi. Abin da za ku gani shi ne dunƙulen haske ruwan ɗorawa a tsakiya, kewaye da shi fili mai duhu, bayan duhun kuma wani zobe shuɗi, zagayayye sosai har mutum ya rantse da hannu aka zana shi. Madubin hangen nesa na Hubble ne ya ɗauki hoton ranar 9 ga Yuli, 2001, hukumar NASA ta Amurka kuma ta fitar da shi ga jama'a a watan Satumba na 2002.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Haka ne, amma a ilimin falaki gani somin taɓi ne. Bayan an gani sai a auna, domin ido kaɗai ba zai gaya maka nisan abu ba, ba zai gaya maka shekarunsa ba, ba zai ma tabbatar maka cewa zoben da dunƙulen abu ɗaya ne ba. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan darasi shi ne hanyar da masana ke bi su tatsi labari daga haske, su ɗauki bayanin da ya yi daidai da awo, su ajiye wanda bai yi ba.

Mene ne galaksi?

Wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye, inda babu fitilar lantarki, ya san wani farin zane mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Taurari ne masu yawan gaske, nisa ya sa haskensu ya gauraye. Wannan shi ne galaksinmu, wanda ake kira Milky Way, muna kallonsa daga ciki. Galaksi babban gungu ne na taurari da iskar gas da ƙura, ƙarfin ja ya ɗaure su wuri guda, wato ƙarfin nan da ke sa jifa ya dawo ƙasa, yake kuma riƙe wata kada ya rabu da duniya. A galaksinmu akwai taurari sama da biliyan 100, ranarmu ɗaya ce daga cikinsu.

Har zuwa farkon shekarun 1920 masana na gardama a kan ko akwai wani galaksi ban da namu. Edwin Hubble ne ya raba gardamar, da ya nuna cewa Andromeda tana can waje da namu. A 1926 ya kasa galaksi gida-gida bisa siffa: masu hannuwa a murɗe, da dunƙulallu masu siffar ƙwai, da waɗanda ba su da tsayayyiyar siffa. Mafi yawan waɗanda aka gani tun daga lokacin suna samun gurbi a wannan rabo. Wanda muke magana a kansa yau bai samu ba.

Kafin mu je gare shi sai mun daidaita ma'aunin nisa, don kilomita ta yi kaɗan a nan. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga wata zuwa idonmu daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake yi, daga rana kuma minti 8 da daƙiƙa 20. Nisan da yake ci a shekara guda shi ake kira shekarar haske, kusan kilomita tiriliyan 9 da rabi. Tauraron da ya fi kusa da rana yana shekarar haske 4 da ɗoriya. Andromeda tana miliyan 2 da rabi. Galaksi mai zobe yana kimanin miliyan 600. Ma'anar wannan ita ce hasken da madubin Hubble ya kama a 2001 ya baro can tun lokacin da babu itace ko ɗaya a doron ƙasa, babu kuma dabbar da ke tafiya a tudu. Hoton tsoho ne ƙwarai, yana nuna galaksin yadda yake a wancan zamani.

Arthur Hoag da abin da ya gani

A 1950 wani matashin masanin falaki Ba'amurke, Arthur Hoag, ya ba da rahoton wani baƙon abu a rukunin taurarin da ake kira Maciji. A lokacin hotunan sama a kan farantan gilashi ake ɗaukarsu, a shafa musu sinadari mai jin haske, a bar madubi a buɗe tsawon lokaci, sannan a wanke a duba da gilashin ƙara girma. A irin wannan hoto abin ɗan mitsitsi ne. Faɗinsa a sama bai wuce kashi ɗaya cikin 40 na faɗin wata ba, haskensa kuma ya gaza na tauraro mafi dusashewa da ido ke iya gani da kimanin sau 10,000.

Hoag ya lura abin ya yi kama da zoben gas da wasu taurari ke fesarwa idan sun tsufa, irin wanda ake samu a cikin galaksinmu. Amma bai gamsu da hakan ba. Ya kawo yiwuwar cewa galaksi ne mai baƙuwar siffa, ya kuma kawo wata shawara mai ƙarfin hali: wataƙila zoben hasken wani abu ne da ke can baya, wanda nauyin dunƙulen tsakiya ya lanƙwasa. Ka'idar Albert Einstein ta nuna nauyi na iya lanƙwasa hanyar haske, amma a 1950 ba a taɓa ganin galaksi ya yi wa wani abu na bayansa haka ba, sai a 1979 aka samu misali na farko. Hoag daga baya ya shugabanci cibiyar kallon sama ta Lowell a jihar Arizona, ya rasu a 1999, bai ga hoton Hubble ba.

Yadda ake ɗaukar hoton abin da ido ba ya gani

A nan za mu ɗan daɗe, domin mutane da yawa sun ɗauka madubin hangen nesa ƙara girman abu kawai yake yi. Babban aikinsa tara haske ne. Ƙwayar idon mutum, ko ta buɗe iyakar buɗewa a cikin duhu, faɗinta kimanin milimita 7 ne. Madubin Hubble faɗinsa mita 2.4 ne, yana tara haske fiye da ido sau 100,000. Ƙari a kan haka, ido ba ya ajiya, abin da ya shigo yanzu shi yake gani. Kyamara kuwa ana iya barinta a buɗe na mintuna masu yawa tana tara haske kaɗan-kaɗan har abin da ba ya ganuwa ya fito.

Sai batun iska. Ƙyalƙyalin da muke gani taurari na yi ba daga su ba ne, motsin iskar da ta lulluɓe duniya ne ke karkaɗa haskensu. Wannan karkaɗawa ita ke dagula hoton da aka ɗauka daga ƙasa. Shi ya sa aka ɗaga Hubble sama da iska. Kumbon Discovery ya tashi da shi ranar 24 ga Afrilu, 1990, yana kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 500, kowane zagaye kimanin minti 95. Da aka fara karɓar hotunansa sai aka ga sun yi hazo-hazo. Bincike ya nuna an yi kuskure wajen goge madubin, kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai ba, amma ya isa ya ɓata aiki. A Disamba 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara, suka saka sabuwar kyamara mai suna WFPC2 wadda aka ƙera ta da maganin kuskuren a cikinta. Ita ce ta ɗauki hoton da muke nazari, ta kuma yi aiki har 2009.

A cikin kyamarar akwai ɗan allo na lantarki da aka kasa gurbi-gurbi, dangin wanda ke bayan kyamarar wayarku. Kowane gurbi yana ƙirga yawan hasken da ya faɗo masa, ya mayar da shi lamba. Lambobin ake aikowa duniya ta rediyo. Gurbin bai san launi ba, yawa kawai ya sani, don haka ɗanyen hoton baƙi da fari ne. Domin a samu launi, sai a sa matacin haske a gaban kyamara, wanda ke barin launi ɗaya ya wuce ya tare sauran. A ɗauka da mataci na ɓangaren shuɗi, a sake ɗauka da na tsakiya, a sake da na ɓangaren ja. A ƙasa sai a ba kowanne launinsa a kwamfuta, a ɗora su a kan juna.

Akwai kuma shara da ake sharewa. A sararin sama wasu ƙwayoyi masu gudun tsiya suna bugun allon kyamara su bar fararen ɗigo da zane-zane da za a iya ɗauka taurari ne. Maganinsu shi ne a ɗauki wuri ɗaya fiye da sau ɗaya. Tauraro na gaskiya zai fito a gurbi ɗaya kowane lokaci, ɗigon bugu kuwa ba ya maimaita wuri, sai kwamfuta ta cire shi.

Wasu kan ce tunda an sa launi a kwamfuta, hoton ƙarya ne. Ban yarda da wannan ba. Launin bai fito daga son zuciyar mai haɗawa ba, ya fito daga awo: zoben ya fi haske a matacin shuɗi, dunƙulen ya fi haske a matacin ja, lambobin kuma suna ajiye a rumbun bayanan Hubble, kowa na iya saukewa ya duba da kansa.

Abin da launi ke faɗa

Ku tuna ƙarfe a wutar maƙeri. Da ya fara zafi sai ya yi ja mai duhu, ana ƙara zuga sai ya koma ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa, sannan ya doshi fari. Dokar da ke aiki a maƙera ita ke aiki a taurari, sai dai su suna zarce fari su kai shuɗi. Jan tauraro zafin fatarsa wajen digiri 3,000 ne a ma'aunin Salshiyos, ranarmu kimanin 5,500, shuɗin tauraro kuwa daga 10,000 zuwa sama da 30,000.

Taurari shuɗɗa manya ne masu nauyi, suna cinye makamashinsu da sauri. Mafi girma a cikinsu shekara miliyan kaɗan suke yi su mutu. Tauraro irin rana yana kai wa shekara biliyan 10, yanzu tana da biliyan 4.6. Saboda haka duk inda aka ga shuɗɗan taurari sun yi yawa, ba a daɗe da haifarsu ba, kuma akwai gas a wurin, don daga gas ake yin tauraro. Inda kuwa sai ruwan ɗorawa da ja, haihuwa ta daɗe da tsayawa, shuɗɗan sun mutu sun bar masu tsawon rai.

Da wannan ku sake kallon hoton. Dunƙulen tsakiya, mai faɗin kimanin shekarar haske 17,000, na tsofaffin taurari ne. Zoben, wanda faɗinsa daga baki zuwa baki ya kai kimanin 120,000, wato ya ɗan fi faifan galaksinmu, cike yake da sababbi. Idan kuka matso da hoton za ku ga zoben ba sumul yake ba, gudaji-gudaji ne na gungun taurari, a jere kamar an ɗan murɗa su. Filin da ke tsakani ma ba fanko ba ne, awo ya nuna akwai haske mai rauni a cikinsa. Sannan ku duba cikin wannan fili, ta sama daga dama, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe ɗaya. Akwai wani ɗan zobe ja-ja. Shi ma galaksi mai zobe ne, yana can baya da nisa, mun hango shi ta tagar na gaba. Irin galaksin Hoag ba su kai ɗaya cikin 1,000 na galaksin da aka sani ba, don haka haɗuwar zobe biyu a layin ido ɗaya abin mamaki ne na gaske.

Daga ina zoben ya fito?

Shawarar Hoag ta lanƙwasar haske ita aka fara gwadawa, kuma gwajin yana da sauƙin fahimta. Idan aka tsaga hasken galaksi zuwa launukansa, yadda ruwan sama ke tsaga hasken rana ya ba da bakan gizo, ana ganin wasu layuka a wurare sanannu, kowane sinadari da nasa. Idan abu yana nisantar mu, layukan sukan gusa zuwa ɓangaren ja, gwargwadon gudunsa gwargwadon gusawar. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa iya nisan galaksi iya saurin nisantarsa. Da a ce zoben hasken wani abu ne na can baya, da layukansa sun fi na dunƙulen gusawa. A 1987 François Schweizer da abokan aikinsa suka wallafa awon da ya nuna gusawar iri ɗaya ce, dukansu suna nisantar mu da gudun kimanin kilomita 12,700 a daƙiƙa. Zobe da dunƙule gida ɗaya suke. Daga wannan gudu ne ma aka lissafo nisan shekarar haske miliyan 600.

Bayani na biyu shi ne karo. An san galaksi masu zobe da karo ya haifar, fitaccensu shi ne Cartwheel, wanda Fritz Zwicky ya gano a 1941, yana nisan kimanin shekarar haske miliyan 500, madubin James Webb kuma ya fitar da sabon hotonsa a Agusta 2022. A can ƙaramin galaksi ne ya ratsa ta tsakiyar babba. Taurari ba sa gwabzawa da juna a irin wannan ratsawa saboda tazarar da ke tsakaninsu, amma ƙarfin jan baƙon yakan fizgo gas da taurari ciki, da ya wuce sai su koma waje a zagaye, gas ya matsu, sababbin taurari su kunnu a zobe. Sai dai Cartwheel yana da maƙwabta a gefensa, siffarsa kuma ta nuna an girgiza shi. Galaksin Hoag kuwa shi kaɗai yake zaune, ba a ga wanda ya ratsa shi ba, dunƙulensa na tsakiya daram, zobensa bai karkace ba.

A 1985 Noah Brosch ya kawo na uku. Galaksi da yawa suna da wata doguwar sanda ta taurari a tsakiyarsu, wadda juyawarta ke iya tara gas a zobe. Ya ce wataƙila Hoag ya taɓa samun irinta, ta yi aikinta, ta narke. Matsalar ita ce sanda a faifai take samuwa, dunƙulen Hoag kuwa mulmulalle ne, ba a ga faifan da za a ce ta fito daga ciki ba.

Na huɗu shi ne cewa gas ɗin daga waje ya zo. Schweizer ya ce mai yiwuwa wani ƙaramin galaksi ne ya matso shekara biliyan 2 zuwa 3 da suka wuce, ya wargaje, kayansa suka zauna a zagaye. A 2011 Ido Finkelman da abokan aikinsa, bayan awo da madubin Rasha mai faɗin mita 6, suka nuna taurarin dunƙulen sun haura shekara biliyan 10, suka kuma ce tsohon galaksi ne dunƙulalle da ya daɗe yana jawo gas daga sararin da ke kewaye da shi a hankali. A 2013 aka duba shi da na'urorin rediyo na Westerbork a ƙasar Holan, aka tarar da zoben iskar haidurojin da ya zarce zoben taurari faɗi. A ganina wannan bayani na huɗu ya fi sauran tsayawa da ƙafarsa, don shi ne ya haɗa tsufan tsakiya da ƙuruciyar zobe da rashin maƙwabci ba tare da an ƙirƙiro abin da ba a gani ba. Masana dai har yanzu suna muhawara a kan inda gas ɗin ya fito da lokacin da ya zo.

Hanya ɗaya ta warware irin wannan muhawara ita ce a samo wasu a kwatanta. A 2017 wata masaniya 'yar ƙasar Turkiyya, Burçin Mutlu-Pakdil, tare da abokan aikinta, ta bayyana galaksi PGC 1000714, mai nisan kimanin shekarar haske miliyan 360. Ya yi kama da Hoag, amma da ta cire hasken dunƙulensa a kwamfuta sai ga zobe na biyu a ciki, ja, wanda ya girmi na waje. Zobe biyu masu shekaru daban alama ce cewa ba a lokaci ɗaya aka gina su ba.

Tambayoyi da aiki

1. Haske yana minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana zuwa duniya. Mayar da wannan zuwa daƙiƙoƙi, ka ninka da 300,000. Kilomita nawa ka samu?
2. Me ya sa ake ɗaukar hoton wuri ɗaya fiye da sau ɗaya da mataci ɗaya?
3. Da bakinka, bayyana wa na kusa da kai awon da ya rushe shawarar lanƙwasar haske.
4. Ɗauki murfin kwano ka riƙe shi yana fuskantarka, sannan ka karkata shi a hankali har ka ga gefensa kawai. Da a ce ta gefe muke kallon Hoag, da mun gane zobe ne?

Aikin gida kuma a waje za ku yi shi. Hoag ba zai ganu da ido ba, amma wurin da yake yana ratsawa kusan ta saman kanmu a ƙasar Hausa, wajen ƙarfe 9 na dare a ƙarshen watan Yuni, gabas da wani tauraro mai haske ruwan goro da ake kira Arcturus, idan hadarin damina ya ba da dama. Launin taurari kuwa kowa na iya gwada shi. A lokacin hunturu, daren da ƙura ta lafa, ku fita bayan sallar isha'i ku nemi Kaza da 'ya'yanta. Taurarin nan farare ne masu ratsin shuɗi, shekarunsu kimanin miliyan 100, nisansu kimanin shekarar haske 440. Ku nemi wani tauraro ja-ja a kusa da su ku gwama, ku rubuta wanda kuke ganin ya fi zafi da dalilinku, ku zo da shi aji.